Zagin Filin Ƙwallo ko Gorin Ɗariƙa? Sharhi bisa Muhawarar «Hun» da «Fenian» a Birnin Gilasgo

1. Gabatarwa

A darasin ilimin ma'ana na shekara ta uku mun saba ba ɗalibai aikin rarrabe kalmomin ɓatanci na Hausa, wato su nuna mana inda zagi ya bambanta da ashar, da gori, da habaici, da zambo, da ba'a. A bana wani ɗalibi mai sha'awar ƙwallon ƙafa ya kawo tambayar da ba ta cikin tsarin darasin. Ya ce ya ji ana gardama game da magoya bayan ƙungiyoyi biyu na birnin Gilasgo, cikin ƙasar Sikotlan, wato Celtic da Rangers: sunayen da suke jifan juna da su, zagi ne irin na ƴan kallon ƙwallo na ko'ina, ko kuwa gori ne na addini? Mun ba shi amsa a tsaitsaye, amsar kuwa ba ta gamsar da mu ba. Dalilin wannan ɗan rubutu ke nan.

Ga mutanen Sikotlan maganar ta wuce gardamar zaman hira. Amsar da aka ba ta ita ke sa alƙali ya ƙara wa mutum nauyin hukunci ko ya bar shi da ƙaramin laifi, ita ke sa a ci ƙungiya tara ko a rufe wani sashe na filinta. Ra'ayoyi biyu ne suka fi yawo. Na farko na cewa duk abin da aka faɗa a filin wasa, wasa ne, bai wuce minti 90 ba. Na biyu na cewa akwai wasu kalmomi da gubarsu ke cikin jikinsu, duk wanda ya furta su ya yi laifi, sai a jera su a takarda a hana. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa ra'ayoyin nan biyu, ko da yake suna gaba da juna, kuskure iri ɗaya suka yi: kowanensu ya kama sashe guda na magana ya saki sauran. Kafin nan ya kamata mai karatu ya san ƙasar da kalmomin suka tsiro.

2. Inda gabar ta samo asali

An kafa Rangers cikin shekara ta 1872. Celtic kuwa an kafa ta a watan Nuwamba na 1887, bisa jagorancin wani malamin Katolika ɗan asalin Irlan mai suna Walfrid, da nufin tara kuɗin ciyar da yaran matalauta na gabashin birnin. Mafi yawan matalautan nan baƙi ne daga Irlan, ƴaƴa da jikokin waɗanda suka gudo wa babbar yunwar 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe mutum kimanin miliyan ɗaya, ta kuma kori fiye da miliyan ɗaya daga ƙasarsu. Sun iske ƙasa ta ƴan Furotesta, su kuwa Katolika ne, kuma ba a yi musu marhabin ba. A 1923 an gabatar wa babban taron Cocin Sikotlan wani rahoto da ya kira jinsin mutanen Irlan barazana ga ƙasa. Sai a 2002 cocin ya nuna nadama a kansa.

Ƙwallo ya gaji wannan rabuwa. Rangers ta zama ƙungiyar ƴan Furotesta masu goyon bayan sarautar Birtaniya, ta kuma shafe shekaru da dama tana bin wata ƙa'ida da ba a rubuta ba, ta ƙin ɗaukar ɗan wasan da aka san Katolika ne, har zuwa watan Yuli na 1989 da koci Graeme Souness ya sayo Maurice Johnston. Celtic ba ta yi irin wannan ƙa'ida ba: Jock Stein, kocin da ya ciyo mata kofin Turai a Lisbon a 1967, ɗan Furotesta ne. Amma magoya bayanta sun riƙe tutar Irlan da waƙoƙin gwagwarmayar Irlan, ciki har da masu yabon ƙungiyar IRA mai ɗauke da makamai, abin da ya sa hukumar ƙwallo ta Turai, UEFA, ta ci ƙungiyar tara a 2011.

Abubuwa uku ke nan suka cuɗe wuri guda: ɗariƙar addini, da asalin ƙasa, da siyasar zaman Irlan cikin Birtaniya ko ficewarta. Ƙungiyar ƙwallo ta zo ta zama ta huɗu. An kuma zubar da jini. A watan Oktoba na 1995 aka kashe wani saurayi ɗan shekara 16 a unguwar Bridgeton yana komawa gida daga kallon wasan Celtic. Kisansa ne ya haifar da ƙungiyar Nil by Mouth mai yaƙi da ƙyamar ɗariƙa, a shekara ta 2000. A 2011 aka aika wa kocin Celtic, Neil Lennon, wanda Katolika ne daga Irlan ta Arewa, ƙunshin abin fashewa ta gidan waya. A 2012 aka ɗaure mutum biyu shekara biyar-biyar saboda haka.

3. Kalmomin da ake gardama a kansu

(a) «Fenian». Sunan wata ƙungiya ce ta masu neman ƴancin Irlan da aka kafa a Amurka a 1858, ita ma ta aro shi daga sunan mayaƙan tatsuniyoyin Irlan. Ma'anarta ta farko ta siyasa ce. Daga baya, a bakin ƴan Furotesta na Irlan ta Arewa da yammacin Sikotlan, ta faɗaɗa ta koma laƙabin duk wani Katolika. Duk da haka wasu magoya bayan Celtic kan kira kansu da ita cikin alfahari.

(b) «Taig» da «Tim». Ta farko ta fito daga wani sunan yanka na harshen Irlan, Tadhg, kuma ba a jin ta sai wurin wulaƙanta Katolika. Ta biyu magoya bayan Celtic da kansu ke amfani da ita kullum, ba tare da jin zafi ba.

(c) «Orange». Tana nuni ga wata ƙungiyar ƴan Furotesta da aka kafa a 1795, mai ɗauke da sunan gidan sarki Wiliyam, wanda ya ci sarki Jems ɗan Katolika a yaƙin Boyne na 1690. Ita kaɗai ba zagi ba ce. A fili akan haɗa ta da ashar.

(d) «Hun». Asalinta sunan mutanen Attila ne da suka addabi Turai a ƙarni na 5. Sarkin Jamus Wilhelm na II ya ambace su cikin jawabinsa na 1900 ga sojojin da zai tura Sin, sai Ingilishi suka maida sunan laƙabin Jamusawa lokacin yaƙin 1914 zuwa 1918, da ma'anar marar imani, ɗan ta'adi. A Sikotlan ta manne wa Rangers da magoya bayanta. A kan wannan kalma aka fi samun saɓani: magoya bayan Rangers na cewa tana nufin ɗan Furotesta, masu furta ta na cewa tana nufin mai son Rangers kawai.

Tun daga wannan jeri za a lura da abu guda: tushen kalma ba ya raba gardama. Babu ko ɗaya daga «Fenian», «Taig» da «Hun» da aka haifa da ma'anar addini. Wanda ya kare kansa da cewa ai «Fenian» sunan ƙungiyar siyasa ce ta ƙarni na 19, daidai yake da wanda ya kira mutum «ɗan iska» sannan ya ce maganar guguwa yake yi. Ma'anar kalma tana ga yadda masu harshe ke amfani da ita a yau.

4. Ra'ayi na farko: «wasa ne»

Masu wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. A 1999 mawaƙi James MacMillan ya yi lacca a Edimbura inda ya ce ƙyamar Katolika abin kunya ce da har yanzu ke cikin ƙasar. A 2004 Steve Bruce da abokan aikinsa uku suka mayar da martani cikin littafinsu Sectarianism in Scotland: a ganinsu wariya wajen ɗaukar aiki ta kusa ɓacewa, auratayya tsakanin ɗariƙun biyu ta yawaita, an kuma zuzuta yawan tashin hankalin. Ƙidayar jama'a ta 2022 ta ƙara wa wannan ra'ayi nauyi, domin kashi 51 cikin 100 na mutanen Sikotlan sun ce ba su da addini, kashi 20 suka ce Cocin Sikotlan suke bi, kashi 13 Katolika. Sai a ce: mutumin da bai taɓa shiga coci ba, wanda wataƙila matarsa Katolika ce, yaya za a ce ihunsa na ranar Asabar ƙiyayyar addini ce?

Ɗalibanmu da suka ji wannan sai suka ce ai taubasantaka ce irin ta Turawa. Kwatancin yana da daɗin ji, amma bai tsaya ba. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, wanda Mauss ya yi rubutu a kan irinsa a 1928, Radcliffe-Brown a 1940, kuma UNESCO ta sa na ƙasar Nijar cikin jerin gadon al'adun duniya a 2014, yana da sharuɗɗa da kowa ya sani. Ɓangarorin biyu sun yarda da shi tun kaka da kakanni. Wanda aka yi wa ba ya fushi, in ya yi fushi shi ake yi wa dariya. Akwai haƙƙi a bayansa: taubashi na karɓar kuɗin shara, yana shiga tsakani in rigima ta tashi, ba ya zub da jinin taubashinsa. Wato zagin taubasai alama ce ta amanar da ta riga shi zuwa. A Gilasgo abin da ya riga zagin zuwa gaba ce, kuma ƴan sanda ne ke raba ƴan kallon biyu, kowane da ƙofarsa.

Masanin harshe William Labov ya ba mu wani ma'auni a 1972, cikin nazarinsa na gasar zage-zage tsakanin samarin baƙaƙen fata na Harlem. Ya nuna cewa zagin wasa na tsayawa wasa ne muddin kowa ya san abin da aka faɗa ƙarya ne, ƙarya mai girman da ba wanda zai gaskata. Ana mayar da shi da wani zagin, ba a musanta shi. Da zarar an taɓo abin da ya faru da gaske, wasa ya ƙare. Mu ma mun san haka a fagen kokowa: ana yi wa ɗan kokowar wata jaha zambo iri-iri a gasar takobi, amma makaɗin da ya ambaci wata mutuwa ta gaske a gidan abokin karawa ya fita daga fage. To, waƙar da aka sani da suna «waƙar yunwa», wadda wasu magoya bayan Rangers suka riƙa rerawa wajen 2008, tana gaya wa jikokin mutanen Irlan su koma inda suka fito tunda yunwa ta wuce. Yunwar gaskiya ce, matattun gaskiya ne. A 2009 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta Sikotlan ta ce waƙar ta wariyar jinsi ce. Haka waƙar «Billy Boys», mai ambaton jinin waɗanda take kira «Fenian», wadda ta jawo wa Rangers tarar UEFA a 2006: birnin da aka kashe yaro saboda launin ƙungiyarsa ba wurin da za a ce ambaton jini ƙarya ce mai ban dariya ba ne.

Sauran hujjar ita ce niyya: «ban nufi addini ba». A nan aikin Oswald Ducrot na 1984, Le dire et le dit, yana da amfani. Ya bambanta mai furta magana da muryoyin da ake ji cikin maganar. Saurayin da ke rera waƙa tare da mutum dubu goma ba shi ya tsara ta ba. Bakinsa ne, amma muryar ta waɗanda suka riga shi ce, kuma mai saurare muryar yake ji. Binciken Bruce na iya zama gaskiya game da zukatan mutane da kasuwar aiki, ba tare da ya ce komi ba game da aikin da kalma ke yi a kunnen wanda aka jefa da ita. Tambayoyi biyu ne daban, ɗaya ta ilimin zaman jama'a, ɗaya ta ilimin harshe.

5. Ra'ayi na biyu: «a jera kalmomi a hana»

Wannan ra'ayi ya fi burge hukumomi saboda sauƙinsa: ɗan sanda ya ji kalma, ya duba takarda, ya kama. Kuskurensa shi ne ɗaukar kalma kamar kwalbar guba wadda illarta ɗaya ce ko a hannun wa take. Tun 1962 Austin ya nuna, cikin littafin da aka fassara da Faransanci a 1970 da sunan Quand dire, c'est faire, cewa furuci aiki ne, kuma aikin ya danganta da mai yi da wurin yi. Benveniste ma ya koya mana cewa akwai kalmomin da ba su cika ma'ana sai a bakin mai furta su, irin su «ni» da «kai». Laƙabin gori na kusa da wannan aji, domin cikinsa akwai «mu» da «ku» a ɓoye.

Misali mafi bayyana daga Landan yake. Ƙungiyar Tottenham na da magoya baya Yahudawa da dama tun da daɗewa, abokan hamayya suka riƙa jifan su da laƙabin «Yid». Daga wajen shekarun 1970 magoya bayan, Yahudawa da waɗanda ba Yahudawa ba, suka karɓe kalmar suka maida ita kirarinsu. A 2013 hukumar ƙwallo ta Ingila ta yi gargaɗin cewa furta ta na iya zama laifi. Aka gurfanar da mutum uku, a 2014 aka janye ƙarar. A 2020 ƙamus na Oxford ya ƙara mata ma'anar «mai goyon bayan Tottenham». A 2022 ƙungiyar da kanta ta roƙi magoya bayanta su bar kalmar. Jerin kalmomi ba zai iya bambanta mai kirari da mai gori ba, alhali su biyun suna fili ɗaya, suna furta sauti ɗaya.

Ba sai mun je Turai ba ma. Kalmar nan da ake furtawa «anna» a ƙasar Maraɗi da Gobir, «azna» a Adar, «arna» a wasu wurare, suna ce ta Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, har akwai sarautar Sarkin Anna. A wannan muhalli ba wanda ya ji an zage shi. Amma mutumin da ya dubi maƙwabcinsa Kirista a kasuwa ya ce masa «arne», kowa ya san abin da ya yi. In aka hana kalmar baki ɗaya an zalunci mai sarauta. In aka halatta ta baki ɗaya an zalunci maƙwabcin.

6. Gwaje-gwaje uku

Tunda kalma kaɗai ba ta isa ba, niyya kaɗai ma ba ta isa ba, muna ba da shawarar a bi hanyar da muka saba bi wajen gano ƙwayoyin sauti, wato a musanya abu guda a bar sauran, a ga ko ma'ana ta canja.

6.1. Musanya wanda aka jefa

Tambaya ita ce: in an cire ƙwallo daga jikin mutumin, kalmar na nan manne da shi? A watan Fabrairu na 2019, a filin Ibrox, ƴan kallo suka riƙa kiran Steve Clarke, kocin Kilmarnock na lokacin, «Fenian» haɗe da ashar, har ya fito gaban ƴan jarida ya koka. Clarke bai taɓa yi wa Celtic wasa ba. St Mirren da Chelsea ya yi wa. Ke nan kalmar ba za ta iya nufin «ɗan Celtic» ba, abin da ya rage shi ne asalinsa na Katolika. Kwanaki kaɗan kafin haka wasu magoya bayan Celtic sun kira Kris Boyd, ɗan wasan Kilmarnock, «Orange» haɗe da irin wannan ashar. Gaskiya ne Boyd tsohon ɗan wasan Rangers ne, amma kalmar da aka zaɓa sunan ƙungiyar ɗariƙa ce, ba sunan ƙungiyar ƙwallo ba. A nan bambancin zagi da gori yake a Hausa ma: ana zagin mutum da abin da ya yi ko ya zaɓa, ana yi masa gori da abin da ya tarar, kamar asali ko talaucin gidansu. Mutum na iya barin ƙungiya, ba ya iya barin kakanninsa.

6.2. Musanya mai magana

A duba waɗannan halaye:

(1) Ɗan kallo daga Aberdeen, a fili, yana kiran ƴan wasan Rangers «Hun».
(2) Mutum a titi yana kiran ɗan sandan da ya kama shi «Hun», bai kuwa san ƙungiyar da ɗan sandan ke so ba.
(3) Rubutu a bangon wata unguwa ta Belfas yana kiran a kashe duk wani «Hun».

A (1) mai maganar, bisa ga tarihin garinsa, ya fi kusa da zama jikan ƴan Furotesta shi ma, don haka da wuya a ce ɗariƙa yake nufi. Ƙungiya yake zagi. A (2) babu ƙwallo a wurin ko kaɗan, abin da mai maganar ya gani shi ne kaki da hukuma, ya kuma haɗa su da wani jinsin mutane. A (3) babu shakka, domin irin wannan rubutu kishiyar wani ne da ake yi a bangon ɗaya ɓangaren, mai kiran a kashe duk wani «Taig». Kalma ɗaya, ayyuka uku. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne da kotunan Sikotlan suka yanke hukunci iri biyu a kanta, wani lokaci su ce akwai ƙyamar addini, wani lokaci su ce ba a tabbatar ba. Mai gaggawa zai ce alƙalai sun rikice. A ganinmu kalmar ce ke da fuska biyu.

6.3. Musanya mai saurare

Évelyne Larguèche, cikin L'effet injure na 1983, ta nuna cewa zagi ba na mutum biyu ba ne kawai: akwai mai zagi, akwai wanda aka fuskanta da maganar, akwai wanda zagin ya faɗa wa, akwai kuma shaida. Bahaushe ya daɗe da sanin haka, shi ya sa ya ware habaici da sunansa: ana fuskantar wani, ana nufin wani. A filin da ke ɗaukar mutum dubu hamsin ko sittin, ga talabijin, ga jiragen ƙasa da motocin da ƴan kallo ke cikawa kafin wasa da bayansa, shaidu sun fi waɗanda aka fuskanta yawa nesa ba kusa ba. Tsohuwar da ke cikin jirgi tana jin ana rera waƙar jinin «Fenian» ba ta shiga wata yarjejeniyar wasa da kowa ba. Hujjar «minti 90» ta manta da ita.

Sakamakon gwaje-gwajen shi ne: «Taig» gori ce a ko'ina, «Fenian» da «Orange» gori ne in sun fito daga bakin ɗaya ɓangaren, «Tim» ba ta kai gori ba, «Hun» kuwa tana tsakiya, muhalli ke tura ta nan ko can. Wannan rashin daidaito na ɓata wa magoya bayan Rangers rai, suna ganin an sassauta wa abokan hamayyarsu. Muna ganin suna da gaskiya a wuri ɗaya: wanda ya san kalma na da fuska biyu, ya kuma san da wace fuska mai saurarensa zai karɓe ta, sannan ya furta ta, ba zai ɓuya a bayan ɗaya fuskar ba.

7. Abin da doka ta yi da maganar

Waɗanda suka saba da tsarin shari'ar Faransa sun san dokar 29 ga Yuli 1881 ta bambanta zagi da ƙazafi, dokar 1972 kuma ta tsananta hukuncin zagin da aka yi saboda jinsi ko addini. Sikotlan ta bi wata hanya a 2003: sashe na 74 na dokar shari'ar laifuka bai hana wata kalma ba, sai ya ce in mutum ya aikata laifi, kuma ya nuna ƙiyayya ga wanda ya cuta saboda addininsa, ko addinin da ya zata nasa ne, ko saboda yana cikin wata jama'a da ake dangantawa da wani addini, to laifin ya ƙara nauyi. Masanin harshe zai yaba wa wannan tsari, domin ya tilasta alƙali ya dubi wa ya faɗa, ga wa, a ina. Wahalarsa tana wajen shaida. Mutumin da ya auka wa Neil Lennon a filin Tynecastle a watan Mayu na 2011, gaban kyamarori, an same shi da laifin ta da hankali, amma masu taya alƙali hukunci suka cire ƙarin ƙyamar addini, domin an yi saɓani a kan kalmar da ya furta.

Bayan rikice-rikicen 2011 majalisar dokokin Sikotlan ta yi doka ta musamman a kan halayen ƴan kallon ƙwallo, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Maris 2012. Ta maida laifi duk halin da mutum mai hankali zai iya ɗauka abin ɓata rai, in har zai iya ta da fitina, ko da waɗanda za su fusata ba su wurin. A nan ne muke da suka. Ɓata rai ba ma'auni ba ne, domin zagin ƙwallo duka don ɓata rai ake yin sa. Dokar ta haɗa zagi da gori cikin buhu ɗaya, alhali bambanta su shi ne aikin. Ta kuma maye gurbin mai saurare na gaske da wani na zato. Sannan ta ware ɗan kallon ƙwallo daga sauran jama'a, har ya zama waƙar da ta halatta a wani wurin taro ta haramta a kan hanyar fili. Magoya bayan ƙungiyoyi da dama, musamman na Celtic, suka yi ta zanga-zanga, kuma a watan Maris na 2018 majalisar ta soke dokar da ƙuri'a 62 bisa 60. Dokar laifukan ƙiyayya ta 2021, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2024, ta riƙe tsarin ƙarin nauyi irin na 2003.

8. Kammalawa

Amsar da ya kamata mu ba ɗalibin nan ita ce: wasu daga zage-zagen Gilasgo gorin ɗariƙa ne, wasu ba shi ba ne, kuma ana gane su ta hanyar tambaya ko kalmar na bin mutum har gida bayan ya tuɓe rigar ƙungiyarsa. Mai cewa duka wasa ne ya dubi mai magana ya manta da mai saurare. Mai jera kalmomi ya dubi kalma ya manta da su biyun.

Akwai abin da wannan ke koya wa masu aikin ƙamus a sashenmu. Kalmomi irin su «arne», da sunayen da ƙabilu ke kiran juna da su, ba ya isa a rubuta musu fassarar Faransanci guda a wuce. Ya kamata kowace ta zo da bayanin wanda ke furta ta, da wanda ake gaya wa, da ko akwai taubasantaka tsakaninsu, domin wanda ya koyi Hausa daga littafi shi ya fi kowa buƙatar wannan bayani. Muna fatan ɗaliban shekara ta uku za su fara tattara irin waɗannan misalai daga filayen ƙwallo da fagagen kokowa na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, su gwada musu ma'aunai ukun da muka kawo a sashe na 6, mu ga inda suka tsaya da inda suke buƙatar gyara.